Tauraron Ɗan'adam da Lissafin Damina: Darasi Domin Makarantun Karaye da Rogo

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa ɗaliban sakandare yadda ake nazarin yanayi da tauraron ɗan'adam, a kuma nuna inda gudummawarsu za ta shiga cikin aikin. An zaɓi ƙasar Karaye da Rogo domin can kusan kowane ɗalibi ɗan manomi ne, ya kuma san abin da ake nufi in an ce shuka ta ƙone.

Duban sama don sanin lokacin ruwa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Malamai sun daɗe suna lissafa shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14. Manomi kan tambayi ko an shiga Zira'a, ko Nasara, ko Ɗarfa, kafin ya yanke shawarar aikin gona. Sai dai wannan lissafi yana faɗin abin da aka saba gani ne kowace shekara. Ba ya faɗin abin da zai auku jibi.

Tauraron ɗan'adam kuwa na'ura ce da ake harbawa ta riƙa kewaya duniya. Amurka ta harba na farko da ya yi nasara a aikin yanayi, watau TIROS-1, a 1960. Wanda ya fi shafar ƙasar Hausa shi ne Meteosat na Turai, wanda aka fara harba irinsa a 1977. Yana can nisan kilomita kusan 36,000 a saman tekun da ke kudu da Ghana, yana kewayawa daidai da juyawar duniya, saboda haka kullum Afirka yake fuskanta. Samfurin da aka fara harbawa a 2002 yakan ɗauki hoto kowane minti 15. Nijeriya ma ta mallaki nata, NigeriaSat-1, a 2003, amma aikinsa ɗaukar hoton doron ƙasa ne, ba bin hadari ba.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu, domin mutane da yawa na zaton tauraron yana ganin ruwan da ke zuba. Meteosat ba ya ganinsa. Abin da yake aunawa shi ne zafin da ke tashi daga kowane abu, wanda ido ba ya gani, shi ya sa dare ba ya hana shi aiki. Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau. Hadarin damina kuwa kansa na iya kai kilomita 15. Don haka in na'ura ta ga wuri mai sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, ko fiye, sai a ce akwai babban hadari a can. Daga nan sai a ƙirga awowin da wannan sanyi ya yi a kan wurin, a ƙiyasta yawan ruwan. Masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun yi ta amfani da wannan dabara kan Afirka tun shekarun 1980. Hotunan sun kuma tabbatar da abin da tsofaffi suka sani, cewa manyan hadura daga gabas suke tasowa su nufi yamma. Hadarin da aka hango kan Dutse da la'asar na iya isa Karaye cikin dare.

Amma ƙiyasi ƙiyasi ne. Akwai siririn gajimare mai nisa wanda ke da sanyi ƙwarai, ba ya kuma ba da ko ɗigo. A bazara kuma ruwa kan sauko ya bushe a iska tun bai taɓa ƙasa ba. Bugu da ƙari, ɗigo ɗaya a hoton yana wakiltar fili mai faɗin kilomita 3 ko fiye, alhali ana iya sheƙa ruwa a garin Rogo, ƙauyen da ke kusa bai sami ko yayyafi ba. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. To haka abin yake ko da daga sama aka gan shi. Dole sai an gwada ƙiyasin da abin da ma'aunin ruwa ya tara a ƙasa, kuma irin waɗannan ma'aunai sun yi ƙaranci a karkara. Birnin Kano na da bayanan ruwa tun 1905, amma ruwan Kano ba shi ne na Rogo ba.

Wannan giɓi makaranta na iya rage shi. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a fara. A ajiye shi a fili nesa da itatuwa da indararo, a auna zurfin ruwan kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kan murabba'in mita. Wani ma'auni da masana aikin gona suka fitar a Nijar a 1988 ya ce damina ta kama ne in an sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, ba a kuma yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko ɗalibi zai auna shi da gwangwaninsa. Rabi na biyu kuwa, wanda a kansa ne irin masara ke tsira ko ya salwanta, nan ake buƙatar hasashen hukumar NiMet, wadda ke fitar da bayanin damina a farkon kowace shekara.

Ajin da ke da intanet zai iya ƙarawa da duba madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka gama a 1992. Hotunan Landsat, waɗanda aka fara ɗauka a 1972, kyauta ake samun su. A ɗauko na Oktoba da na Afrilu a jera, a ga yadda bakin ruwan ya ja baya, sannan a kwatanta shekara da shekara da abin da littafin ma'aunin makaranta ya nuna.