Yadda Ake Haɗa Tiren Baƙi Ranar Sallah

Darasinmu na wannan makon a kan tarbar baƙi ne. Ranar Sallah, da an sauko daga idi, 'yan uwa daga Dambatta, Bichi da cikin birnin Kano sukan cika gidajenmu. Idan ba a yi tsari ba, baƙon safe zai ci ya ƙoshi, na yamma kuma ya tarar da tire wayam, mutanen gida su ji kunya.

A Faransa akan jera cuku iri-iri a faranti a kawo wa baƙi bayan cin abinci. Mu ma muna da namu. Akwai cukun Buzaye da ake kawowa daga Nijar, wanda ake yi da nono a shanya a rana har ya bushe, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba. Akwai kuma awara, wadda muke yi da waken suya na gonakinmu.

Ga yadda ake yin awara. A jiƙa wake ya kwana, a markaɗa, a tace. A ɗora ruwan a wuta, idan ya tafasa a zuba ruwan tsami na kamu. Tsamin ne yake sa ta dunƙule. Sai a juye a ƙyalle mai tsabta, a danne da abu mai nauyi, a yanka, a soya.

Wajen jerawa a kula da abubuwa 4:

1. Masu gishiri, wato awara, cuku, dambun nama da soyayyiyar gyaɗa, su zauna a gefe ɗaya.
2. Masu zaƙi, wato dabino, gullisuwa, alkaki da cincin, su koma ɗaya gefen.
3. A zuba yaji a ɗan kwano daban, domin ba kowa yake son sa ba.
4. A rufe tiren da faifai saboda ƙuda da ƙura.

Kada a fito da komai lokaci guda. A raba gida 3: na safe, na la'asar, da na washegari. Amma awara ba ta jure zafi, kuma yawancinmu ba mu da firji, don haka a ci ta a ranar da aka soya. Cuku, dabino da cincin su ne za a ajiye wa gobe. Awarar da ta fara yauƙi ko wari a zubar da ita, domin tana kawo gudawa.

Kafin tire, a fara kai buta da sabulu. A durƙusa a ajiye a gaban manya, a juya wa kaka gefen awara, tunda haƙoranta ba za su iya da busasshen cuku ba. Kuma a saki fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya maimaita mana.