Tsutsar Ciki A Awaki Da Tumaki: Waɗanne Dabbobi Ta Fi Kayarwa?

Da ruwa ya zauna, ciyawa ta fito, sai a ga akuya tana ci amma tana ramewa. Mai ita ya ce iska ce ko sammu. Sau da yawa kuwa tsutsa ce, wata siririya kamar zare, tsawonta wajen inci 1, mai zama a sashe na huɗu na tumbi, wanda ke haɗe da hanji. Likitocin dabbobi suna kiranta Himonkus. Jini take sha. Tsutsa 1,000 kan zuƙe wajen babban cokali 3 na jini a kwana guda.

Macen takan yi ƙwai 5,000 ko fiye kullum, su fito cikin kashin dabba. In akwai laima da ɗumi, cikin mako guda sun ƙyanƙyashe sun isa kamu, su hau ciyawa da raɓa, galibi ba su wuce inci 4 daga ƙasa ba. Dabba ta haɗiye su, bayan mako 3 su ma sun fara ƙwai.

To, garke ɗaya ne, makiyaya ɗaya, amma ba duka ke faɗuwa ba. 'Yan awaki da 'yan tumaki da ba su kai wata 6 ba su ne na farko, domin jikinsu bai koyi faɗa da tsutsar ba tukuna. Sai uwa mai tsohon ciki da mai shayarwa: daf da haihuwa da bayanta ƙarfin garkuwarta kan ragu, ƙwan da take zubarwa ya ƙaru, 'ya'yanta kuma su kwasa a gindinta. Sa'an nan ga yunwar rani. Dabbar da ta sha wuya daga Maris zuwa Mayu ba ta da abin da za ta mai da jinin da aka sha mata. Abin mamaki, tsutsar takan kwanta a bangon tumbi duk rani ba motsi, sai gab da damina ta farka, daidai lokacin da dabbar ta fi rauni. Wadda jininta ya ƙare haka, ciwon huhu da zawo ba su sha wuyar kama ta.

Turke ma yana da nasa laifi. Don tsoron ɓarna a gona akan ɗaure dabba wuri guda har kaka, tana kashi tana kiwo nan. Wannan noman tsutsa ne sosai. A riƙa sauya wuri kowane kwana 3 ko 4, a share garke kullum, ciyawar da aka yanko kuwa a rataye ta, kada a zube ta ƙasa. Harawa da dusa da 'ya'yan gawo, a fara ba masu ciki da masu shayarwa.

Gane ta ba wuya. A ja fatar ido ta ƙasa: in ja ce, lafiya, in ta yi fari, ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, a nemi malamin dabbobi ran nan. Akwai magunguna kamar albendazol da ibamektin, amma fa a wurare da yawa tsutsar ta fara ƙin jinsu, saboda ɗurawar da ake yi barkatai da rage awo don tsimi. A ba wadda ta nuna alama, gwargwadon nauyinta.

Falke da ya sayo dabba a kasuwa ya keɓe ta mako 2, a ba ta magani kafin ta shiga cikin na gida. Wadda aka yi wa magani kuma ba a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta jikin kwalba sun cika.