Sake Fasalin Manhajar Neman Masu Gyaran Gida Domin Arlit

Manhajar da ke haɗa masu gida da masu sana'a, wato tsarin waya da mutum ke neman magini, kafinta, mai walda ko mai gyaran famfo ta cikinsa, galibi daga Turai ake kwaikwayo fasalinta, inda kowane gida yake da lamba, mai nema yake bayyana buƙatarsa a rubuce, biya kuma da katin banki. Aikin mai sake fasali shi ne ya bi sawun mai amfani tun daga buɗe manhaja har a gama gyara a sallami mai aiki, ya gano inda mutane ke gajiya su fita. A gari irin Arlit kuwa, tun a shafin farko ake rasa su.

Arlit ya kafu ne a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin SOMAIR ya fara samar da shi a 1971, sannan kamfanin COMINAK da ke Akokan, kusa da Arlit, ya rufe mahaƙarsa ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da na 'yan kwangila. Saboda haka garin ba ya ƙarancin masu hannu, sai dai gidajensa iri biyu ne: na siminti da kamfanoni suka gina wa ma'aikatansu, da na laka da suka bazu a kewaye. Don haka tambayar da ta dace ta zo da farko a manhajar ita ce wane irin gini ne, domin wanda ya ƙware a yaɓen laka da ɗora azara ba lallai ne ya iya ginin bulo ba.

Akwatin rubuta adireshi gara a musanya shi da kwatance cikin murya, da Hausa ko Tamajak, kamar yadda jama'a suka saba a WhatsApp, tare da hoton bangon da ya tsage ko rufin da ya lotsa. Farashi guda da ake liƙawa a allo shi ma yaudara ce, tunda siminti da kwanon rufi daga kudu suke zuwa ta hanyar Tawa da Agadas mai wahalar bi, don haka kuɗin hannu daban, kuɗin kaya daban. Taurarin yabo da baƙi ke dannawa ba su da nauyin sunan ubangidan da ya koyar da mai sana'a, ko mai unguwar da zai tsaya masa.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda kuma manhajar da aka tsara don Paris ba ta da dalilin tambaya, shi ne asalin kayan aiki. Tun daga 2003 cibiyar CRIIRAD ta Faransa, wadda ke aiki da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, ta ba da rahoton samun tsofaffin ƙarafa masu tururin nukiliya, wato haskawar da ido ba ya gani amma take cutar da jiki sannu a hankali, ana sayar da su a garin. A 2009 kuma Greenpeace ta auna irin wannan tururi fiye da kima a wasu titunan Akokan da aka yi wa ciko da duwatsun mahaƙa. Ƙarfe mai araha yana jan hankalin mai walda da mai gida baki ɗaya, kuma ba wanda zai iya bambance gurɓatacce da mai kyau ta kallo ko taɓawa.

Shi ya sa, kafin a kammala ciniki, ya kamata manhaja ta tilasta amsa tambaya a kan inda ƙarfen ƙofa, bututun ruwa da ƙasar ciko suka fito. Idan amsar ita ce kasuwar tsofaffin ƙarafa, sai cinikin ya dakata, saƙon murya ya shaida wa mai gida cewa na'urar awo ce kaɗai ke tabbatar da lafiyar kayan, a kuma nuna masa farashin sabon ƙarfe a gefe.