Shawarwari ga mai son ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamar Rima

Mutumin Gwadangaji ba sai ya je Yankari ko dausayin Haɗeja da Nguru ba kafin ya ga tsuntsun da ya cancanci hoto. Daga bayan gari zuwa gonakin shinkafa, har ka miƙe Argungu, ga balbela, ga zalɓe, ga kirinjijiya da ɗinya, ban da baƙin da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu tare da mu. In Allah ya hore maka kyamara marar madubi da dogon gilashi mai jawo nesa, ga abubuwan da za su rage maka wahala da asara.

1. Fita bayan sallar asuba, ka dawo kafin hantsi ya dubi ludayi.
Da sassafe tsuntsu yake kiwo, hasken lokacin kuma mai taushi ne. Da zarar rana ta take, zafin ƙasa yakan sa iska ta riƙa rawa a kan fadama, sai duk hoton da ka ɗauko daga nesa ya fito dishi-dishi, komai tsadar gilashin. In safiya ta kuɓuce maka, ka jira bayan la'asar.

2. Kada ka ci bashi don gilashin 600mm.
Gilashin 300mm a kan kyamarar da ke da ƙaramar sensa, wadda ake kira APS-C, yana jawo abu kusan daidai da 450mm, kuma ya wadatar. Ka cire farar riga ka sa mai ruwan ƙasa, ka zauna a bakin fangali, rana a bayanka, ka yi tsit na rabin awa. Zakaran ƙeƙuwa zai fara yi maka kwarmato, amma in ya ga ba ka motsi zai gaji, sauran su sauko har gabanka.

3. Ɗinka ɗan buhu ka zuba mudu ɗaya na shinkafa ko gero.
Dogon gilashi ba ya yafe rawar hannu. Ka ɗora buhun a kan sirdin babur, tagar mota ko tudun fangali, ka kwantar da gilashin a kai. Ni dai na fi son sa a kan sandar ƙafa uku, wadda ke nutsewa cikin laka.

4. Ƙara saurin ɗauka, ka kashe ƙarar kyamara.
Tsuntsun da ke tafiya a ruwa yana son 1/1000 na daƙiƙa, mai tashi kuwa 1/2000, ka bar ISO ya daidaita kansa. Sababbin kyamarorin Sony, Canon, Nikon da Fujifilm suna iya gano idon tsuntsu su bi shi, don haka ka duba ko taka na da wannan, domin in ido ya fito sarai an gama. Wurin koyon hannu kuwa kyauta ne: je mahauta ka yi ta bin shirwa da hankaka har ka iya riƙe su a tsakiyar hoto.

5. Rage wa balbela haske.
Kyamara na auna korayen gona da duhun ruwa, sai ta ƙona farin tsuntsu ya zama tabo marar gashi. Juya maɓallin haske zuwa -1 kafin ka danna.

6. Kada ka kuskura ka sauya gilashi a fili lokacin buji.
Wannan ne babban raunin kyamara marar madubi: da ka cire gilashi, sensa ta bayyana, ƙura ta hau, daga nan kowane hoton sama sai ka ga ɗige-ɗige. Ka haɗa kayanka tun a ɗaki, ka sayi 'yar robar hura iska, kuma don Allah kada ka goge gilashi da bakin riga, yashin da ke jiki zai kankare shi. Da damina kuma raɓa ce matsala, sai ka tara ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka rufe su da kayan a roba mai murfi.

7. Batir biyu, a cike tun dare.
Irin wannan kyamara na shan batir saboda wurin leƙenta allo ne mai aiki da wuta. Ka kashe Wi-Fi da Bluetooth, in kuma tana karɓar caji ta USB ka riƙe fawa banki a jaka, ka san halin wutarmu.

8. Tambayi manoma da masunta.
Yaron da ke wuni yana korar jan baki daga shinkafa ya san inda garken ke kwana da lokacin da yake tasowa, ka ba shi ɗan na goro ya nuna maka. Ka riƙe lokutan kuma: baƙin Turai daga Oktoba zuwa Maris, shamuwa gab da faɗuwar damina, jan baki sa'ad da shinkafa ta fara nuna. Ka tuna abin da kake wa kallon ado, ga mai gonar annoba ne, don haka kada ka hana shi kora don ka sami hoto; in kuma ka ji an yi feshin maganin tsuntsaye a wuri, ka ƙaurace masa.

9. A Argungu, ka je kafin biki ko bayansa.
Bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ranar hoton mutane ce da homa da gora, ganguna ba sa barin tsuntsu ya zauna. Matan Fada ruwa ne mai doka a hannun Sarkin Ruwa, kuma akwai kada, saboda haka ka nemi izini, ka tafi da ɗan gari. Cikin kwalekwale ka sa rigar kariya, kyamara kuma ta zauna a bokiti mai murfi sai lokacin ɗauka. Ka rage shiga kwantaccen ruwa ba takalmi, saboda tsargiya.

10. Gaida mai unguwa kafin ka fito da gilashin.
A wannan zamani na rashin tsaro, dogon baƙin abu a kafaɗar baƙo yana kama da bindiga daga nesa, gara a san ka tun farko. Kada ka saita shi wajen barikin Dukku, filin jirgi ko shingen jami'an tsaro, haka nan mashaya inda mata ke wanki. Idan kuma ka tarar da sheƙa mai ƙwai ko 'yan tsaki, ka ɗauka daga nesa ka wuce da sauri, kada ka nuna wa yara masu danƙo wurin.