Darasi kan lafiyar jiki: Ƙofar ciwo da ke cikin laka

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da kowa yake yi ba tare da an koya masa ba. Idan mutum ya buge gwiwarsa, ko yaro ya yi tuntuɓe, hannu yakan kai wurin ya murza, kuma sai zafin ya lafa. Dalilin haka yana cikin laka, wato farar igiyar nan mai taushi da ke kwance cikin ƙashin baya.

Hanyoyin saƙo

Tsawon laka a jikin baligi kimanin santimita 45 ne, kaurinta kuwa kamar na ɗan yatsa. Jijiyoyi 31 ne ke fita daga gare ta ta dama, wasu 31 ta hagu. Cikin kowace jijiya akwai dubban zaruruwa, kuma ba gudunsu ɗaya ba. Masu kauri suna ɗaukar labarin taɓawa da shafa, suna gudun mita 30 zuwa 70 a daƙiƙa. Matsakaita suna ɗaukar zafin suka. Mafi siranta, masu ɗaukar zogi da raɗaɗi, ba su wuce mita 2 a daƙiƙa. Shi ya sa wanda ya taka ƙaya yake fara jin suka, daga baya raɗaɗi ya biyo.

Laka ba hanya ce kawai ba, tana yanke hukunci. Wanda ya taɓa tukunya mai zafi yakan janye hannu tun kafin ya san abin da ya faru, domin laka ce ta ba tsoka umarni ba ta jira ƙwaƙwalwa ba.

Mai tsaron ƙofa

Idan aka yanka laka a gicciye, za a ga tsakiyarta ruwan toka, mai siffar malam-buɗe-littafi. A ɓangarensa na baya ne saƙon ciwo yake fara sauka. A nan akwai ƙwayoyin jijiya iri biyu da ya kamata mu sani: masu kai saƙo sama zuwa ƙwaƙwalwa, da ƙanana masu hana su tafiya. Misalinsu kamar zauren gida ne da mai tsaronsa. Ba kowane baƙo yake wucewa ciki ba.

A shekarar 1965, masana biyu, Ronald Melzack ɗan Kanada da Patrick Wall ɗan Ingila, suka bayyana cewa zaruruwan taɓawa suna tayar da masu tsaron nan, su kuma sai su tsuke ƙofa ga saƙon ciwo. To wannan ita ce fa'idar murza wurin da aka buge. Binciken da ya biyo baya ya gyara wasu sassa na bayaninsu, amma tushensa yana nan daram.

Umarni kuma yakan sauko daga sama. Ƙwaƙwalwa tana da hanyoyin da take aiko wa laka cewa ta rufe ƙofa ko ta buɗe. A 1975, a Abadin ta ƙasar Sikotilan, John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano sinadarin da jiki yake haɗawa da kansa mai aiki irin na maganin kashe zafi. Da irinsa ne manomi yake yankewa da lauje cikin tsananin aiki, bai ankara ba sai ya ga jini. Tsoro da damuwa da rashin barci kuwa suna ƙara wa ciwo ƙarfi; natsuwa da lallashi suna rage shi. Saboda haka mai jinya da ke kwantar wa majinyaci hankali aiki yake yi na gaske.

Abin da za mu riƙe

Na farko, idan jijiya ta yi rauni masu tsaron ƙofa sukan raunana, har shafar riga ta zama kamar wuta. Mai irin wannan ciwo ba raki yake yi ba. A kai shi likita, kada a yi masa gori.

Na biyu, ciwo mai gargaɗi ne. Tsohon ciwon suga da kuturta suna kashe zaruruwan ƙafa, saƙo ba ya ma isa ƙofar. Sai ƙaya ko ƙuna ta ruɓe mutum bai sani ba. Wanda ƙafarsa ta daina ji, ya sa ido ya yi aikin da jijiya ta bari: ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu a kowace alwala, kada ya yi yawo ba takalmi.

Na uku, ƙwayar tramol da matasanmu ke sha don su jure aikin ƙarfi tana aiki a wannan ƙofa, da kuma a ƙwaƙwalwa. Tana toshe gargaɗi alhali raunin yana nan yana ƙaruwa. Jiki yakan saba da ita har ya nemi ƙari, yawanta kuma yana kawo farfaɗiya da tauyewar numfashi. Magani ne na hannun likita. Iyaye da iyayen gida, ku sa ido kan yaranku.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.