Ƙanena Ya Daina Fita, Yaya Zan Yi Ya Motsa Jiki?

Tambaya: Ina da ƙane ɗan shekara 22 wanda shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana yaro. Tunda ya gama sakandare ya koma zaman gida, daga tabarma sai waya. Ya yi ƙiba, yana kukan kafaɗa, hawa kekensa ma ya zame masa aiki. In na ce ya fita, sai Umma ta ce a ƙyale shi da abin da Allah Ya ɗora masa. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya bar zumunci. Da Umma za ki fara. Tausayi ne ya sa ta faɗi haka, amma a nuna mata cikin ladabi cewa zaman nan cutarsa yake yi. Hannuwansa ne ke ɗaukar jikinsa duk lokacin da zai tashi ko zai hau keke, don haka duk ƙibar da ya ƙara, kafaɗa ce ke biya. Ga hawan jini da ciwon suga da ke bin mai yawan zama.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an so baligi mai nakasa ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Kada adadin ya tsorata ki. Tuƙa keken hannu daga gida zuwa masallaci ko kasuwa yana cikin lissafi. Ya fara da minti goma da safe ko bayan la'asar, a ƙara a hankali.

Sai dai a kula, tsokar da shan inna ta taɓa ba ta son a matsa mata. In gajiya ko ciwo ya kwana ya wuni, an wuce gona da iri, a rage. Tunda kafaɗa na damunsa, ku fara ganin likitan gashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala, ya tsara masa abin da ya dace, a duba kekensa ma ko ya yi masa daidai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, saurayi ba ya ɗorewa a kan atisaye shi kaɗai a tsakar gida. Abokai yake buƙata. Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake zama kan katako mai tayoyi ana buga ƙwallo da hannu, kuma akan shirya gasarta lokacin Ranar Shan Inna ta Duniya, 24 ga Oktoba. A wasannin nakasassu na Rio a 2016, Nijeriya ta ci zinare takwas, yawancinsu a ɗaga nauyi. Ki nuna masa bidiyon 'yan wasan a wayar tasa.

Ki tambayi ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta unguwarku inda ake atisaye, ki raka shi ya yi kallo tukuna, ba tilas. Kafin nan, ku riƙa aikensa sayen cefane ko katin waya, kuma kada kowa ya yi wuf ya karɓe masa aiken.