Darasin Kimiyya: Turi da Ja

Jama'a, ku dubi amalanke a kasuwar Sabon Gari. Ba ya motsi sai an tura shi ko an ja shi. Wannan turi ko ja shi masana kimiyya ke kira ƙarfi. In buhu 2 ne a kai, turi kaɗan ya isa. In 10 ne, sai an yi gumi.

Tsayar da kaya ma sai da ƙarfi. Isaac Newton na Ingila ya bayyana haka a shekarar 1687. Shi ya sa babbar mota shaƙe da masara daga Samaru ba ta tsayawa nan take a Kwangila, ko an taka birki. Ku hana yara gilmawa ta gabanta.

Tambaya: Keke da tirela, wanne ya fi wuyar tsayarwa?